Kira na Uku a Bakin Kogi

Ina tsugune cikin jirgina ina kwashe ruwan sama da gwangwani wayata ta yi ƙara. Sanah ce, 'yar Jumberi ta fari. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Amang Hamsan, Abah ya tafi. Yanzu, bayan asuba." Na ce mata to. Na sake cewa to. Sai da na ajiye wayar na leƙa ƙasa, na ga jirgin zaune yake daram a kan laka. Ruwa ya janye, ba zai dawo ƙoramarmu ba sai wajen ƙarfe goma. Awa uku na yi cikin jirgin da ba ya motsi, da farar rigata ninke a cinya, ina kallon ƙananan kaguwa suna shiga ramukansu suna fita. Na dai samu sallar jana'izar, a sahu na ƙarshe. Abin da ya zo mini a rai cikin awa ukun nan shi nake rubutawa, don jikokinsa su san wane ne kakansu.

Jumberi ɗan ƙoramar Pandan ne kamar ni. Gidajen iyayenmu suna kallon juna, kowanne a kan dogayen turaku, ruwa a tsakani. Tun muna yara "wal", wato aboki, muke ce wa juna, har muka yi furfura ban tuna ranar da na kira sunansa a gabansa ba. Ni na tsaya a aji shida na kama jirgi. Shi kansa yana ja, sai mahaifinsa ya tura shi gari wajen ƙanensa. Ya gama sakandare, ya shiga kotun addini ta gundumarmu yana buga tafireta, daga nan ya zama magatakarda, mai zama a gefen alƙalai yana rubuta duk abin da aka faɗa. A kujerar nan ya ƙare, shekara talatin da ɗaya. Sau biyu aka so a ƙara masa girma, amma ƙarin yana tafe da canjin wurin aiki zuwa wani tsibiri, ya ce a bar shi inda yake. Gajere ne, siriri, tabarau ɗaure da zare a wuya, kullum cikin sauri kamar wanda ya baro tukunya a wuta.

Kotun ba wani babban gini ba ne. Zauren shari'a ɗaya, baranda mai benci shida, tafiyar minti biyar daga tashar jirage. Alƙalai biyar ne, uku ke zama a lokaci guda, ƙararraki kuwa sun haura dubu a shekara: saki, gado, riƙon yara, da masu neman a tabbatar musu da auren da aka ɗaura a gaban limamin ƙauye ba tare da takarda ba. Ana zama daga Litinin zuwa Alhamis, kullum ƙara talatin ko arba'in. Kowace ana so ta ƙare cikin wata biyar, in shekara ta ƙare kuma manya na birni su ƙirga waɗanda suka kwana, su rubuto wasiƙa mai zafi. Ƙa'idar kira ba ta da wuya. A aika maka sammaci, ranar zama magatakarda ya kira sunanka sau uku. In ba ka amsa ba, a ɗaga maka ƙafa sau ɗaya. In ka sake rashin zuwa, a buga guduma, an kori ƙararka.

Alƙalan duk baƙi ne, daga Jawa ko Sumatra, shekara uku ko huɗu a sauya su. Sun san littafi ciki da bai, amma ba su san ruwa ba. Mu kuwa rabin gundumar ba hanya sai ƙorama, ƙorama kuma ba ta ɗaukar jirgi sai babban kogin Barito ya cika ya turo mata ruwa. In ya janye, laka ce har cinya. Lokacin cikar ba ya zama wuri ɗaya, yana tafiya da wata: wannan makon da hantsi, wancan da rana tsaka.

A shekararsa ta biyu Jumberi ya zo aiki wata safiya ya tarar da wata mata da jaririnta da tsofaffi biyu kwance a baranda, sauro ya gama da su. Jiya an kira su ƙarfe uku, kafin su fito ruwa ya tafi ya bar su. Tsofaffin shaidunta ne, kuma a gabansa suka ce mata sun zo na farko sun zo na ƙarshe. Ya saya musu shayi. Amma daga ranar ya sake salo.

Kowace safiya ana jera fayiloli a teburin alƙalai, na sama shi ake fara kira. Ba wanda ya taɓa rubuta yadda za a jera su, aikin magatakarda ne. Jumberi ya koma jerawa da ruwa. Wanda ruwansa zai janye da azahar, fayil ɗinsa sama. Wanda ba zai iya fitowa ba sai sha ɗaya, nasa tsakiya. Mutanen gari masu babur da keke, su ya riƙa cusawa inda ya rage.

Sa ranar dawowa kuwa ba huruminsa ba ne, na alƙali ne, magatakarda kuma ba ya tsoma baki. To, yana da alƙalami. In alƙali ya ce, "An ɗage zuwa Talata, sha huɗu ga wata," Jumberi ya ci gaba da rubutu, ranar ta yi. In kuwa ya kwantar da alƙalamin a gicciye kan littafi ya harɗe yatsu, sai ka ji alƙali ya yi gyaran murya ya ce, "A'a, mu ce Alhamis." Tsofaffin alƙalai su ke koya wa sababbi tun ranar farko: ga makewayi, ga wurin salla, ka kuma riƙa duba alƙalamin Pak Jum, wato Malam Jumberi.

Labarin ruwan kuwa a wurina yake saye, ba da kuɗi ba. Kowace Alhamis da la'asar muna haɗuwa a rumfar Acil Rusmini, wato inna Rusmini, da ke bakin tasha, ta zuba mana shinkafar kurkum da kifin haruan a ganyen ayaba. Ya zaro kalandarsa mai kwanakin wata, duk ta sha fensir.

"Wal, Laraba ta sama, sha biyu ga wata. Pandan."

"Tara da rabi su fito, uku su koma."

"Haka ka ce wancan makon, mutane suka kwana a masallaci."

"Iska ce ta juya. Ni nake hura ta?"

"Da kai ne da mun ji warin taba. Sungai Lumut fa?"

Haka za mu bi ƙoramu goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, Acil Rusmini tana mita mun tare mata benci da kwano biyu. Fiye da shekara ashirin muna wannan. In na tuna zamanin da na fi jin daɗin duniya, bencin nan nake gani, da rana tana faɗawa bayan itatuwan kwakwa na ƙetare, da shi yana lasar bakin fensir.

Saura shekara ɗaya ya ajiye aiki aka kawo sabon shugaban kotu, Pak Hartoyo, dogon mutum daga Jawa, mai magana a hankali. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya tarar da ƙara ɗari biyu sun kwana daga bara, ya kuma tarar da koke a aljihun tebur. Mutanen gari sun rubuta cewa suna zuwa ƙarfe bakwai ba a kiran su sai biyu, wasu kuwa daga saukowa jirgi sai zaure. Wani har ya ƙara da cewa wa ya san abin da ake cusa wa magatakarda a aljihu.

Pak Hartoyo ya kira shi ofis ya ba shi takardar ya karanta. Jumberi ya karanta sau biyu. Mutumin da ko lemo ɗaya aka ajiye masa a tebur sai ya bi mai shi da shi har bakin ƙofa.

"Ban ce kana karɓa ba, Pak Jumberi," in ji shugaban. "Na tambaya, kowa ya wanke ka. Amma tsarin da ke cikin kan mutum ɗaya ba tsari ba ne. Baɗi in ka tafi, wa zai jera?"

"Sai in koya wa wani, Pak."

"Shi ma a ce yana karɓa. A'a. Na'ura ba ta da aljihu."

Aka kafa na'ura a baranda. Mai ƙara ya danna, ta tofo masa lamba, wanda ya riga zuwa shi ake fara kira. Ƙarfe goma a kashe ta. Wanda bai samu lamba ba sai an gama da kowa a kira shi sau uku, in babu shi a rubuta bai zo ba. Batun alƙalami ma shugaban ya ji, ya ce a daina, rana alƙali ke sa ta. Gaskiya aiki ya yi sauri, mutanen gari suka yi ta sa albarka. Jumberi ya ci gaba da zuwa rumfar Acil Rusmini ranar Alhamis, amma kalandar ta daina fitowa daga jaka.

Cikin wannan hali ƙarar Acil Masitah ta shigo. 'Yar ƙoramarmu ce, can ƙarshe inda ruwa ke isa a makare ya bari da wuri. Shekara arba'in da biyu tana aure da mijinta, Allah bai ba su haihuwa ba, ya rasu ya bar ta a gidan katako da 'yar gonar lemo. Aurensu limamin ƙauye ya ɗaura, ba takarda. Sai ga wani ɗan wan mijin, Rahmadi, ya zo daga birni da mai saye, ya ce a takarda baffansa bai taɓa aure ba, saboda haka ba ta da ko taku ɗaya a wurin. Abin da take nema kawai kotu ta ce ita matar mijinta ce. Ana bukatar shaidu biyu da suka halarci ɗaurin auren, kuma biyun ne kaɗai suka rage a duniya. Ɗaya yana zaune a gari. Ɗayan Julak Ibas ne, wato baba Ibas, maƙwabcinta, ya haura tamanin, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Zama na farko an yi shi lafiya. Na biyu, na jin shaidu, ruwa bai shigo ba sai sha ɗaya, ni na ɗauko su, muka iso an tashi. An rubuta ba ta zo ba. Da Pak Hartoyo zai sa sabuwar rana ya ce Litinin, sha tara ga Disamba. Jumberi ya san ranar, ruwa ba zai leƙa ƙarshen Pandan ba sai sha ɗaya ta gota, daga can kuma tafiyar awa uku ce. Hannunsa ya kwantar da alƙalamin da kansa. Shugaban bai ko waiwayo ba.

In aka kori ƙarar, sabuwa sai bayan shekara ta juya, a bi layi wata biyu ko uku, kuma duk wanda ya ji tarin Julak Ibas ya san ba lallai ya kai ba. Ranar Alhamis kalandar ta fito daga jaka.

"Ka ɗauko su tun Lahadi, wal, su kwana a gari."

"Na gwada. Julak ya ce matarsa tana kwance, shi ke juya ta, ba ya kwana a waje ko gwamna ne ya kira."

"To ya za a yi?"

"In bar babban jirgi a bakin ƙorama, in shiga da ƙaramin kwalekwale, mu ja shi a kan laka. Zan rage awa ɗaya. Biyu saura kwata muna tasha."

"Zama yana ƙarewa ɗaya da rabi."

"Wannan kuma naka ne. Ni ruwa na sani."

Ya daɗe yana kallon kalandar. Acil Rusmini ta ce shinkafarsa ta huce, bai ji ta ba.

Ranar Litinin ƙara talatin da ɗaya ke da lamba, shugaban da kansa ke jagorantar zama. Jumberi, wanda aka sani da karanta takarda kafin mai ita ya gama zama, ranar ya zama wani mutum. Kowace takardar shaida sai ya karanta ta daga sama har ƙasa, da sunan uba, da lambar hatimi, da sunan wanda ya sa hannu.

"A taƙaice, Pak Jumberi."

"Mai girma, ido ya tsufa, ina tsoron kuskure."

Tabarau ya ɓace sau biyu, alhali yana rataye a wuyansa. A ƙara ta sha tara wata mata tana neman saki saboda mijinta ya fi kula da tsuntsayensa masu waƙa a kan 'ya'yansa. Jumberi ya ɗago kai.

"Tsuntsu nawa kika ce, Bu?"

"Goma sha ɗaya, Pak. Ɗaya ma a ɗakinmu yake kwana."

"Suna da sunaye? Don rubutu ya cika."

Abin nema ya samu. Ta jero su ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowanne ke ci, mijin yana gyara mata inda ta yi kuskure. Alƙalin hagu ya rufe baki da hannu. Pak Hartoyo bai yi dariya ba, ya dai dubi magatakardansa, ya dubi agogon bango.

Duk da haka, da hutun azahar da komai, biyu saura minti biyar aka gama ta talatin da ɗaya. Saura fayil ɗaya maras lamba. Rahmadi yana zaune a bencin gaba cikin riga mai guga, yana kaɗa ƙafa.

"Kira," in ji shugaban.

Jumberi ya ɗauki fayil ya tsaya a ƙofar zaure. "Masitah 'yar Sabran, daga ƙoramar Pandan." Shiru, sai fankar sama. Ya sauka daga baranda, ya ratsa tsakar gida har bakin ƙofar waje, ya yi na biyu. A zaure ana jin muryarsa daga nesa, ana jira ya dawo. Ba a ga ya dawo ba. Can sai mai gadi ya leƙo, yana murza hula a hannu.

"Mai girma, Pak Jum ya yi kogi."

Ba a rufe ƙara sai da kira na uku, kira kuma sai magatakarda, fayil ɗin ma yana hammatarsa. Pak Hartoyo ya zauna minti biyar, ya ƙara biyar. Daga nan ya miƙe da baƙar alkyabbarsa ya fita. Sauran alƙalan biyu suka bi shi, mutanen baranda suka bi alƙalai, har matar mai tsuntsaye da mijinta.

Mu kuwa tun hantsi muke cikin laka. Julak Ibas yana kwance a kwalekwale da lema, sanye da zanensa na zuwa Juma'a da baƙar hula, ni ina ja ta gaba, Acil Masitah mai shekara sittin da uku tana turawa ta baya, laka har cinya. Na ce ta hau, ta ce aurenta ne, ita za ta tura. Sha biyu saura muka kai babban jirgi, na tayar da inji, na ce alhamdu lillahi. Mun yi rabin hanya Julak ya ɗaga lema.

"Hamsan, azahar ta yi. Tsaya a masallacin can."

"Julak, a jirgi ma ana salla."

"In je in rantse da Allah a gaban alƙali ban gaishe Shi yadda ya kamata ba? Ubanka bai koya maka haka ba. Tsaya."

Na tsaya. Alwalarsa kaɗai ta ci minti goma.

Da na sha kwanar ƙarshe na hango taro a tasha, na ɗauka wani ne ya nutse. Sai na gane shi a gaba, a kan katakon ƙarshe, ɗan gajere cikin baƙar kwat, fayil a hannu, dogon mutum mai alkyabba tsaye a bayansa. Sai da hancin jirgi ya taɓa katako ya ɗaga fayil ɗin, ya yi kira da muryar zaure, kamar ba ita ce a gabansa ba.

"Masitah 'yar Sabran, daga ƙoramar Pandan."

Ta miƙe, laka ta bushe mata har ƙugu. "Ga ni, Pak."

Pak Hartoyo ya dubi ƙafafunta, ya dubi nawa, ya dubi tsohon da ke ƙoƙarin naɗe lema. Ya ce, "An amsa. A koma zaure." Ni kuma ya ce mini, "Goyo dattijon."

Julak Ibas ya ba da shaida kamar jiya aka yi bikin. Ya faɗi sunan limamin, da waliyyi, da sadaki, ya ce ranar an yi ruwan da ya jiƙa shinkafar baƙi, kuma shi ya riƙe wa ango lema. Aka tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce, "Agwagwata aka yanka, ɗana, har yau ban manta ba." Da za a sa ranar hukunci shugaban ya fara, "An ɗage zuwa Alhamis," sai ya tsaya, ya ɗan karkata ido gefe. Alƙalamin yana tafiya. Ya ƙarasa maganarsa. Ranar Alhamis ɗin kotu ta ce Masitah matar mijinta ce tun shekara arba'in da biyu da suka wuce.

Washegari aka ba Jumberi takardar gargaɗi: ya bar zaure ba izini, ya tsayar da zaman kotu. Pak Hartoyo da hannunsa ya miƙa masa, ya ce dole ce, mutum hamsin sun gani. Ita ce ta farko a fayil ɗinsa cikin shekara talatin da ɗaya, saura kwana takwas ya tafi. A walimar sallama akwai takardar yabo da ake ba wanda ya gama ba tabo, an riga an sa ta a gilashi, aka mai da ita aljihun tebur. Jumberi yana wasa da komai, amma ban taɓa jin ya yi wasa da wannan ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba.

Na'urar tana nan har yau. Pak Hartoyo ya ware Laraba ga mutanen ƙorama, ya ce kada a kashe ta ranar sai an tashi, aka yi haka har aka sauya shi, wanda ya gaje shi kuma ya ga bai gane dalili ba. Julak Ibas ya rasu cikin Fabrairu, matarsa ta bi shi da kwana tara. Acil Masitah tana gidanta. Yanzu hanya ta kai ƙoramu shida cikin goma sha huɗu, sammaci ma ta waya yake zuwa. Rumfar Acil Rusmini ta zama shagon sayar da katin waya.

Shekara huɗu ya yi bayan ajiye aiki, ta ƙarshen zuciya ta riƙa ba shi wahala. Kwana tara kafin wayar Sanah na je gaishe shi da la'asar. Yana kishingiɗe a barandar gidansa, ƙafafu sun kumbura, an rufa masa zane. Muka yi hirar farashin man inji da ta jikoki. Ban san abin da ya sa ba, sai na ji tambayar da na riƙe shekara huɗu ta fito.

"Wal, ranar nan. Da ba mu iso ba fa?"

Ya lumshe ido, na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Pak Hartoyo ya zo ya tsaya a bayana," in ji shi. "Bai yi faɗa ba. Ya duba agogo ya ce, minti biyar, Pak Jumberi. Suka ƙare. Ya ce, kira. Na buɗe fayil. Har na ja numfashi."

"Da ka kira ke nan."

"Da na kira. Magatakarda ne ni, wal. Da na kira, in koma in rubuta da hannuna an kori ƙara. Kuna zaton takardar gargaɗin ce ke damuna. Wannan numfashin ne."

"To me ya tsayar da kai?"

"Injinka. Tun ba ka sha kwana ba na ji shi, yana tari kamar tsohon bunsuru. Kaf Barito ba mai irin wannan ƙarar. Na ce, mai girma, ga su nan. Ya ce bai ga komai ba. Na ce masa, saurara. Ni, Jumberi, na ce wa shugaban kotu ya saurara."

Na yi dariya, hawaye suka biyo ta, na juya kai kamar ina duba takalmina. Ya bar ni na gama.

"Amma fa kun makara," ya ce. "Biyu saura kwata ka ce mini."

"Julak ne ya tsaya salla."

"Shekara huɗu kana laɓewa bayan mamaci. Allah ya jiƙan Julak, kai ne direba."

Na kama hannunsa, ya yi sanyi, ba nauyi. Na ce, "To na makara, wal. Amma na iso."

Ya matse yatsuna kaɗan. Ya ce, "Ka iso."